Yayen Ayashe a Ƙasar Faranshi

Tun da na dawo daga Faranshi ban samu sakat ba. Duk wanda ya kawo mini keke faci sai ya jingine shi ya nemi wuri ya zauna, ya ce, "To Idi, yaya ka baro ɗiyar?" In na fara ba shi labari, kafin in kai tsakiya wani ya iso ya ce a koma farko. A ajinmu na karatun manya ma haka. Shi ne malaminmu ya ce tun da hannuna ya fara faɗawa, in rubuta abin gaba ɗaya kowa ya karanta da kansa, wanda bai iya ba ya ji haushi ya koya. To ga shi. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sifana.

Ni da mai ɗakina Hajo mun binne 'ya'ya biyu, duka a lokacin yaye. Shi ya sa da aka haifi ta ukun tsofaffi suka laƙaba mata Ayashe, wai ko mutuwa ta ɗauka ba mu damu da ita ba. Ba a yi arba'in ba Hajo ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe. A asibitin Katsina wata ma'aikaciya ta ba mu kwalba mai bakin roba guda biyu. Da yake Hajo ba ta ko iya ɗaga kai, ni aka nuna wa yadda ake tafasa kwalbar da madarar shanu. Daga nan abin ya zama nawa. Hajo ta warke, amma yarinya ta riga ta saba da hannuna. A rumfata take wuni, kwalba tana aljihun rigata na dama. Mutanen tasha suka sa mini suna Inna Idi. Ban taɓa tanka musu ba.

Da ta doshi shekara biyu, bakin roba na farko ya daɗe da narkewa, na biyun ya fara tsagewa. Na yi saƙo Katsina aka ce babu. Na yanko robar cikin taya na naɗe na liƙe da sholisho, ya yi kyau a ido, amma tana jin warinsa ta ƙwalla ihu. Muka gwada ludayi, muka gwada cokali da kofin tasa, ta datse haƙora. Yayata Kulu ta shafa wa kwalbar maɗaci yadda ake shafa wa mama, yarinya ta wuni ba ta sa komai a baki ba, sai da na sake tafasa abin. Tuwo ba ta ci sai ɗan lasa. Ruwa ma sai a kwalba. Ga bazara ta shigo, ga tsagar roba kullum ƙaruwa take.

Yaya Kulu ta ce, "A kai ta wurin kakarta, yadda kowa ke yi. Yaye a gaban uwa ba ya yiwuwa."

Uwar Hajo tana wani ƙauye a ƙasar Faranshi, gaba da Maraɗi, ta hanyar Tibiri. Aka shirya Yaya Kulu ta goya yarinya, ni in raka su. Na tattara duk abin shan ruwa da ke gidan na zuba a buhu, ko Allah zai sa ta karɓi ɗaya a hanya. Ranar tafiya Hajo ta duƙufa a kan sheƙar gero, ta ƙi ɗago kai. Sai da na kai bakin zaure na ji ta ce, "Malam, a dai tafasa mata ruwan."

Muka sami akori-kura da ta sauke gyaɗa za ta koma da goro da kananzir. 'Yan kwastan namu na Jibiya ba su ko dubi buhuna ba, don ni ke yi musu faci. Ɗaya dai ya ɗaga murya ya ce, "Inna Idi, a gai da Faransa!" Mun ɗan taɓa tafiya ke nan sai direba ya murɗa kan mota daga hannun hagu ya koma dama. Yaya Kulu ta rafka salati ta damƙe gwiwar wani Bafillace da ba ta sani ba.

"Ya yi barci! Wallahi ya yi barci!"

Direba ya leƙo yana dariya. "Gwaggo, mun shigo Faranshi. Nan dama suke bi."

"To mi ya samu hagun tasu?"

Ni dai na duba ko'ina ban ga inda ƙasa ta sake ba. Gawo ɗaya, kalgo ɗaya, rairayi ɗaya, matan da ke ɗauke da itace ba su da bambanci da na Jibiya. Amma ga shi wai mun bar wata ƙasa mun shiga wata.

A wannan tsakanin abin da nake tsoro ya auku. Ayashe tana cinyata tana tsotso, mota ta faɗa rami, ta datse haƙora, bakin robar ya rabu biyu. Madara ta wanke mini riga. Na tsaya riƙe da guntun roba a hannu ina dubansa. Na yi shekaru ina liƙe roba, yau ga wadda ba ni da dabararta.

A Ɗan Isa aka sauke mu duka. Nan ne duwan, wato kwastan nasu. Wani dogon gardi mai jar hula, Bazabarme, ya zazzage buhuna a ƙasa. Ludayi, ƙoƙo, moɗa, kofin tasa, 'yar butar shayi, kowanne ya gangara nasa wuri.

"Kai ɗan kasuwa na," in ji shi. "Sai ka biya."

Yaya Kulu ta riƙe ƙugu. "Kai ɗan nan, dubi moɗar nan da kyau. Kai ka saye ta? Tun auren uwarmu take."

Na yi ta taɓa ta ta yi shiru, don an faɗa mini gardawan Faranshi ba su da wasa. Sai Ayashe ta fasa kuka, wani irin kuka busasshe ba hawaye. Gardi ya ga kwalba a hannuna ya karɓa ya juya ta. "A'a, bibiro! Ina ka samu wanga?" Na ba shi labari a tsaye. Ashe tsohon soja ne, ya yi jinya a ƙasar Turawa. Ya ce a can akwai wani kofi na tangaran mai dogon baki irin na agwagwa, da shi ake ba wanda ba ya iya tashi zaune. Ya ce in tambaya a manyan kantunan Maraɗi. Sa'an nan ya ciro gorar ƙarfe ta soja daga ƙugunsa, an ɗinke ta cikin wani tsumma mai kauri, ya tsiyaya mini ruwa a tafin hannu. Rana tana tsakiyar ka, ƙarfen mota ba ya taɓuwa, amma ruwan nan kamar yanzu aka ɗebo shi daga randa. Na riƙe wannan a raina. Na riƙa tsoma yatsa ina sa mata a baki tana tsotsa. Iyakar abin da ta sha ke nan.

Gardi ya taya ni kwashe tarkacena. Ya ɗauki moɗar ya miƙa wa Yaya Kulu da hannu biyu, ya ce, "Ga gadon ku, Hajiya."

Maraɗi gari ne da aka shata shi da igiya. Tituna a miƙe kamar layin da malaminmu ke ja a allo, in ka tsaya a wannan kai kana hango wancan. Hausarsu irin tamu ce ta Katsina, sai dai ta fi nauyi a baki, kuma da sun ji ka ce sule sai su ce, "Mutanen Ingilishi ne." Ban tsaya kallo ba. Na ajiye su Yaya a inuwar wani bedi, wato dogon yaro, na nufi kantuna da sauri. Na tarar da su duka a garƙame. Na ɗauka mutuwa aka yi. Wani mai sayar da kilishi ya ce mini a'a, haka suke yi kullum, da rana ta take sai Bature da akawunsa su tafi su kwanta, ba mai buɗewa sai wajen la'asar.

"Ko da ciniki ya zo?"

"Ko uwarshi ta zo."

Ban taɓa ganin rana mai tsawon wannan ba. In koma wurin yarinya in ba ta yatsa, in dawo in duba ƙofa, in sake komawa. Don in rage wa kaina zulumi na tsaya ina haɗa baƙaƙen da ke jikin allon kanti. Duk na san su, irin namu ne, amma da na haɗa sai su ƙi cewa komai. Na sayo burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Yaya Kulu ta ƙwanƙwasa shi a gwiwa ta ce a ajiye ko za mu gamu da kare. Ayashe kuwa ta daina kukan ma. Ta lafe a bayan Yaya, idanunta sun faɗa. Na san wannan lafewar. Na gan ta sau biyu.

Da aka buɗe ni na fara shiga. Akawu ya gane abin da nake nufi tun ban gama kwatance ba. Ya sauko da shi daga can sama, ya hure ƙura. Fari fat, da hannu, da dogon baki, rabin samansa a rufe. Ya kuma nuna mini filas, ya ce shi ke riƙe zafi. Na duba na ga cikinsa gilashi ne, ga tsawo, yarinya ba za ta iya riƙewa ba. Na ɗauki agwagwa ban ko yi ciniki ba. A ƙofar kantin muka zuba mata madara. Ta dube shi, ta miƙa hannu ta karɓa. Ta ɗaga shi sama ta maka da ƙasa. Baki ya yi gabas, kofi ya yi yamma.

Yaya Kulu ta ce, "To, an yanka agwagwa."

Ban yi dariya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Direbanmu ya yi mana kwatancen gidan wani baduku, Illo, wanda ke saukar da mutanen Jibiya. Aka shiga da su Yaya cikin gida, ni aka shimfiɗa mini tabarma a zaure cikin fatu da warin jima. Aka kawo tuwon gero miyar kuka, mai ba yawa, sai yaji kamar an yi faɗa da mai girkin. Na kasa ci. Illo ya dube ni ya ce, "Baƙo, in tuwon ne bai yi ba ka hwaɗi, ni ma ƙorahi nike nema." Na faɗa masa damuwata. Na ce abin da nake so, abu mai ɗan baki da za ta tsotsa, wanda ba ya fashewa in ta yar, ba ya ƙona leɓe kamar tasa, kuma ya riƙe ɗumin kunu, don da ya huce ba ta ko kallonsa. Na ba shi labarin gorar gardi.

Ya tashi ya shiga gida ya fito da 'yan duma na ludayi waɗanda ba a fafe ba. Muka baje su a tabarma muna zaɓe. Wannan wuyansa ya yi kauri, wancan ya karkace, wani da na kaɗa na ji ɓawonsa ba ƙwari. Na riƙa gwada kowanne da ɗan yatsana, don shi ne awon bakinta. Muka tsaya a kan wani ɗan ƙarami wanda bai kai ƙwan jimina ba. Illo ya yanke kan wuyan ya goge shi sumul, ya fafe gefe inda za a zuba kunu a kuma sa hannu a wanke, ya yi masa marfi. Muka naɗe shi da kaɗa, ya ɗinke da jar fata, ya sa masa 'yan kunnuwa biyu na riƙo. Na zuba ruwa na tsotsa, ya ƙi zuwa sosai. Nan sana'ata ta yi rana. Na ce iska ce ba ta da hanyar shiga. Na karɓi basillarsa na huda 'yar ƙofa a marfin. Na sake tsotsa, ruwa ya taho, sai ga wata 'yar ƙara tana fita ta hudar, fiit, fiit.

Illo ya kwashe da dariya. "Mutanen Ingilishi! Gora ma sai kun sa mata ham."

Aka dama koko muka zuba tun kafin magariba. Bayan an idar da salla na taɓa, da ɗuminsa. Aka fito mini da Ayashe. Ta kama kunnuwan biyu, ta jijjiga, ta ciji fatar. Na kai mata bakin gorar a hankali. Ta kau da kai, ta ture, ta zura hannu cikin aljihuna na dama tana lalube. Da ba ta sami abin da take nema ba ta kifa fuska a ƙirjina. A yatsa ta sake shan abin da ta sha.

Da asuba Illo ya ba mu aron jaki. Muka gangara fadama, muka bi ta cikin garaken albasa da taba, muka haye gulbi a busashe. Ban iya faɗa muku yadda wurin yake ba, don idona yana kan ƙeyar yarinya, ina duban ko tana motsi. Jakin kuma irin mai tunani ne, sai ya yi taku kaɗan ya tsaya.

Da hantsi muka isa. Kun san tsakanin mutum da surukarsa. Tun da na auri Hajo ban taɓa haɗa ido da Inna ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Na tuɓe takalma tun daga waje, na durƙusa a bakin zana na yi gaisuwa, ta amsa daga ciki. Yaya Kulu ta shiga da yarinya da gora. Ni ina tsugune inda zanar ta ɗan ɓule, ina leƙe.

Inna ta karɓe ta ta ɗora a cinya, ta juya gorar tana dubawa, ta ce ba laifi. Ta zuba kunu ta kai mata. Ayashe ta sandare, ta waiga, ta hango ni ta hudar zana. Ta miƙo hannu biyu tana kiran Baba da 'yar muryar da ta rage mata. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ji Inna ta ce, "Kulu, wa ke ba ta kwalbar nan?"

"Shi."

"Wa ke goyon ta in ta yi kuka?"

"Goyo dai Hajo. Amma ba ta yin shiru sai a wurinshi."

"Barci hwa?"

"A ƙirjinshi."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Kun baro uwar a Jibiya, kun taho da nonon. Wane irin yaye na wanga?"

Yaya Kulu ta fara dariya ta haɗiye.

"A ce mishi shi tahi," in ji Inna. "Yanzu. Kada shi yi mata sallama. Shi tahi da kwalbarshi."

Na ce, "Yaya, ki faɗa wa Inna rabonta da sha na kirki tun jiya da safe. A bari ta karɓa tukuna, ko kaɗan ne, sai in tafi."

"Muddin tana jin ƙamshinshi ba ta karɓa."

"Yaya, ki ce mata in ba ta sha yau ba…"

Sai na ji motsi, zana ta ɗaga. Inna ce tsaye a kaina, abin da ba ta taɓa yi ba. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafafunta.

Ta ce, "Ɗana, biyun da kunka rasa, ni ma jikokina ne. Tashi."

Na tashi. Na ɗauki takalmana na fita. Amma ban tafi ba. Na zagaya bayan gida inda dangar kara ta yi tsawo, na zauna a gindin wata aduwa, inda ba ta ganina ni ma ba na ganinta. Kuka ya tashi. Ban san tana da sauran wannan ƙarfi ba. Na miƙe, na zauna, na je har bakin rijiyar garin na dawo. Na ciro kwalba na ɗaure guntun robar da zare, na ce a raina zai ɗan yi, bari in shiga in ba ta sau ɗaya tak. Na kai kusurwar danga na tsaya. Na dawo na zauna. Wani tsoho mai akuya ya wuce ni sau biyu, a na uku ya ce, "Malam, in aure ka zo nema, ba budurwa a gidan nan." Na ce masa jira nake. Ya ce jiran mi. Ya kaɗa akuyarsa ya wuce.

Rana ta take, inuwar aduwa ta tsuke ta dawo ƙarƙashina. Kukan ya riƙa ja baya, ya koma shessheƙa, ya ɗauke ɗif. Wallahi shirun nan ya fi kukan ciwo. Na manna kunne a jikin kara. Kaza tana tono. Wata mata can nesa tana daka. Ban da su ba komai. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai na ji fiit.

Na ƙara manna kunne. Shiru. Na ce kunnena ne. Sai kuma fiit, fiit, fiit, ba tsayawa, kamar ana ba taya iska.

Ban san tsawon zaman da na yi a nan ba. Yaya Kulu ce ta zagayo ta same ni, gora a hannunta. Ta buɗe marfi ta kifa ta a gabana. Ko ɗigo.

"Har tana neman ƙari," in ji ta. "Kai kuma share fuskarka ka tashi, kafin iska ta kai mata warin sholisho."

Yaya ta zauna can don ta taya Inna. Ni na ja jakin Illo na koma ni kaɗai, washegari na sami mota. A Ɗan Isa gardin nan ya gane ni, ya ce ina agwagwa. Na ce ta rasu, amma ta bar magaji. Da direba ya murɗa ya koma hannun hagu ba wanda ya yi salati, sai na ji motar ta yi mini faɗi.

Na tarar da Hajo a tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba. Ta dubi hannuna, ta dubi bakina.

Na ce, "Ta sha."

Ta ajiye rariya a hankali ta shiga ɗaki ta saki labule. Na bar ta.

Kwanan baya direban nan ya kawo saƙon baki daga Yaya Kulu, wai Ayashe tana cin tuwo da hannunta, kuma ta ciji wani ɗan maƙwabta da ya taɓa mata gora. Sai bayan girbi za a maido ta. Kwalbar tana nan a rumfata, man keke nake zubawa a ciki, mai so ya zo ya gani. Abin da ya rage shi ne har yanzu da asuba sai in farka in hura wuta in ɗora ruwa, sai ya fara tafasa in tuna. Shekaranjiya Hajo ta fito ta same ni tsugune a gaban murhu. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, "Malam, kai kuma wurin wa za mu kai ka?"